Martani: Injiniyan da Bai San Dokar Wuta Ba, Wa Zai Yi wa Aiki?

Kwanakin baya wani babban malamin injiniyanci ya fitar da rubutu yana kokawa kan yadda ake cusa darussan manufofin makamashi a manhajar ɗaliban digiri na biyu da na digirgir, waɗanda ke nazarin samar da wuta daga hasken rana da iska da ruwa. Na karanta rubutun da natsuwa, domin mai shi ya daɗe a aji, kuma a bayyane yake kishin ɗalibansa ne ya sa shi magana. Amma maganin da ya kawo zai ƙara wa ciwon ƙarfi, shi ya sa na ga yin shiru ba zai yiwu ba.

Ga abin da Malam ya ce, gwargwadon yadda na fahimce shi. Lokacin digiri na biyu gajere ne, ɗalibi yana zuwa da giɓi mai yawa daga digirin farko, ɗakunan gwaje-gwajenmu kuma sun tsufa. A irin wannan hali, duk awa ɗaya da aka ɗauke daga lissafi da gwaji aka ba wa karatun dokoki da tsare-tsaren gwamnati asara ce. Ya ce manufa aikin lauyoyi ne da masana tattalin arziki da 'yan siyasa, kuma abu ne da ke canzawa da zarar gwamnati ta canza, saboda haka abin da aka koya wa ɗalibi yau zai zama tsohon yayi kafin ya karɓi takardar shaida. Ya ƙara da cewa abin da ƙasa ke buƙata shi ne masu ƙera farantin sola da inbata da batir a gida, wanda kuma ya iya aikinsa zai tsinci sanin doka a wurin aiki ba sai an zaunar da shi a aji ba.

Kukansa kan ɗakunan gwaji gaskiya ne, ba ni da ja a kai. Ɗalibin da ya gama digiri na biyu a fannin sola bai taɓa auna yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin faranti ba, an cuce shi. Ya kamata ya san cewa farantin da aka rubuta ƙarfinsa a zafin digiri 25 yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya haura haka, ya kuma san abin da wannan ke nufi a rufin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu. Ya kamata ya san dalilin da ya sa batirin da aka ce zai yi shekara biyar yake mutuwa da wuri in an kulle shi a ɗaki mai zafi. Duk wannan wajibi ne. Inda na rabu da Malam shi ne zatonsa cewa rashin wannan sanin ne ya hana mu wutar rana.

A watan Yulin 2016, kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni 14 domin gina manyan tashoshin sola da jimillarsu ta kai megawat 1,125. Mafi yawansu a arewa za a gina su, a jihohi irin su Katsina da Jigawa da Bauchi da Sakkwato da Kaduna. An nemo filaye, an yi zane, an auna hasken rana an ga ya wadatar har ya yi yawa. Shekaru suka shuɗe ba a ga ko ɗaya ta fara ba da wuta ba. Shin wayar da za a ja ce ta gagari injiniyoyi? Ko taransifoma ce ba a san girman da ya dace ba? Abin da ya tsayar da aikin takarda ce. An amince da farashin santi 11.5 na dala a kan kowane yunit, daga baya gwamnati ta ga farashin sola yana faɗuwa a duniya ta nemi a dawo da shi wajen santi 7.5. Masu ba da bashi kuma suka ce ba za su saki kuɗi ba sai gwamnati ta ba da lamunin cewa in mai sayen wutar ya kasa biya, ita za ta ɗauki nauyi. Ma'aikatar kuɗi ta yi ta jan ƙafa kan wannan lamuni, aikin ya mutu a tsaye. A cikin shekarar 2016 ɗin nan, Zambiya ta yi gwanjon tashoshin sola a fili ƙarƙashin wani shiri na Bankin Duniya, ta samu farashin da ya ɗan haura santi 6, kuma an gina tashar. Ranar Lusaka ba ta fi ta Katsina zafi ba. Bambancin yana cikin yadda aka tsara cinikin da yadda aka raba haɗari tsakanin gwamnati da mai zuba jari.

To, ɗalibin da Malam yake so a yaye, wanda ya ƙware a zanen tasha amma bai taɓa buɗe yarjejeniyar sayen wuta ba, me zai ce in an tambaye shi dalilin mutuwar megawat 1,125? Kuma in aka sake kiran irin wannan zama gobe, a wace kujera zai zauna?

Akwai wani abu game da makamashin rana da ya sa raba fasaha da manufa ya fi zama kuskure a nan fiye da ko'ina. Tashar gas tana cin kuɗi kullum, domin kullum sai an sayi gas. Tashar sola kuwa kusan duk kuɗinta a farko ake kashe shi, bayan nan rana kyauta take fitowa. Ke nan farashin wutar da za ta sayar ya dogara ne kacokan a kan tsadar kuɗin da aka gina ta da shi. A ɗauki bashin naira miliyan 100 da za a biya cikin shekara 20. In kuɗin ruwa kashi 6 ne cikin ɗari, abin da za a riƙa biya a shekara bai kai miliyan 9 ba. In kashi 25 ne, ya haura miliyan 25. Faranti iri ɗaya, rana iri ɗaya, amma nauyin ya kusa ninka uku. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5. Kafin nan, a Yunin 2023, an saki naira a kasuwa, dalar da ake samu a wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, alhali faranti da batir da inbata da dala ake shigo da su, mai shan wutar kuma da naira yake biya. Injiniya zai iya shafe shekara biyu yana neman ƙara wa tsarinsa inganci da kashi biyu cikin ɗari, sanarwa ɗaya daga Babban Banki ta shafe wannan ribar sau goma. Wannan lissafi ne tsantsa, irin wanda ɗalibin injiniyanci ya fi kowa iya yi. Me ya sa za a ɓoye masa shi da sunan ba fanninsa ba ne?

A nan ma akwai tambayar da ta shafe mu kai tsaye, wadda ban ga ana yi wa ɗalibanmu ba. Mutane da yawa a garuruwanmu ba za su taɓa bashi mai ruwa ba, kuma dalilinsu na addini ne mai ƙarfi. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk a 2017 ta gina hanyoyi da kuɗin. Shin za a iya gina ƙaramar tashar wuta ta ƙauye ko ta kasuwa da irin wannan tsari, ko da ijara, ta yadda attajiran Kantin Kwari da Singa za su zuba kuɗi hankalinsu kwance? Wannan bincike ne da ya cancanci digirin digirgir, kuma ba zai yiwu ba sai ga wanda ya san kilowat ya kuma san yadda kuɗi ke tafiya.

Malam yana magana kamar injiniya ne ke yin zane, doka ta zo daga baya ta sa hatimi. A aikace doka ce ke riƙe da alƙalamin zanen. Ƙa'idojin ƙananan tashoshi da hukumar sa ido kan wutar lantarki, NERC, ta fitar a 2016 sun kayyade girman irin wannan tasha zuwa megawat 1. Sun ce wadda ba ta haura kilowat 100 ba rajista kawai ta ishe ta, wadda ta haura sai da izini. Sun kuma tanadi diyya ga mai izini in babban layin kamfanin rarraba wuta ya iso garin daga baya, abin da mai rajista kawai ba shi da tabbacinsa. Yanzu a ce ɗalibi ya je wani ƙauye ya auna buƙatarsu, injin niƙa da firij da masu walda da famfon noman rani, ya samu kilowat 95. Zai tsaya a rajista ya huce wahalar takardu, ko zai nemi izini domin ya kare jarin da aka zuba? Nawa ne tazarar garin da layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO mafi kusa, kuma yaushe ake sa ran layin zai iso? Amsar waɗannan ita za ta yanke girman batir, da irin turakun da za a kafa, da ko za a ja wayar da za ta dace da babban layi gobe. Wane ɓangare na wannan ne ba injiniyanci ba?

Batun cewa manufa tana canzawa da canjin gwamnati ba ya buƙatar dogon zance. Dokar gyaran fannin wuta ta 2005 ta rayu shekara 18, ta ga shugabannin ƙasa biyar, kafin dokar 2023 ta maye gurbinta. Inbatar da ɗalibi ya koya a 2005 tana ina yau? Batirin lithiyom da ya cika kasuwa yanzu, mutum nawa ke sa shi a gida a wancan lokacin? In saurin tsufa ne dalilin cire darasi daga manhaja, da darasin na'urori za a fara. Ba wanda ya ce a cire shi, domin abin da ake koyarwa shi ne tushe. Haka yake a manufa. Ba haddar sashe da sakin layi ake nema ba. Ana so ɗalibi ya san yadda ake gina farashin wuta daga kuɗin da aka kashe, yadda tallafi ke taimako da yadda yake kashe kasuwa, da abin da ke faruwa in gwamnati ta saɓa alkawari. Jamus ta yi doka a shekarar 2000 da ta ba wa mai samar da wutar rana tabbacin farashi na shekara 20, wannan ya buɗe kasuwar da ta taimaka wajen karya farashin faranti a duniya. Sifaniya ta yi makamancin alkawarin, daga baya ta zabge shi bayan mutane sun zuba kuɗi, ta shafe shekaru tana amsa ƙara a kotunan sulhu na ƙasa da ƙasa. Waɗannan darussa ba sa tsufa da zaɓe.

Sai maganar ƙera faranti a gida, wadda ita ce ta fi daɗi a kunne. Ni ma ina son ganin ranar. Amma hukumar NASENI ta kafa masana'antar haɗa farantin sola a Karshi da ke Abuja fiye da shekara goma da suka wuce, kuma har yau farantin da ke rufin gidajenmu daga Sin yake zuwa. Sin tana riƙe da fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙera kayan sola a duniya. Ta kai nan ne da bashi mai sauƙi ga masana'antu, da wuta mai arha, da kasuwar cikin gida da gwamnati ta buɗe da gangan, tare da injiniyoyi masu yawa. A 2025 an yi ta muhawara a Nijeriya kan ko a hana shigo da faranti domin a kare masu haɗawa a gida. Tambaya ce mai nauyi: in an hana, megawat nawa masana'antunmu za su iya fitarwa a shekara, da wane inganci, kuma nawa farashin zai ƙaru ga mai shagon da ya gudu daga janareta bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023? Wanda zai amsa wannan da hujja dole ya san masana'anta daga ciki. Burin da Malam ya fi so ma, ba zai cika ba sai da abin da yake so a cire.

Abin da ya fi damuna a rubutun shi ne cewa a bar wa lauyoyi da masana tattalin arziki. Ba na raina su, aikin ba ya yiwuwa ba tare da su ba. Amma lauya zai rubuta cewa kamfani ya samar da wuta awa 20 a rana, ba zai san ko layin da ke unguwar zai iya ɗauka ba. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato masu shan wutar da aka fi ba wa awanni, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan yunit, bisa sharaɗin awa 20 ɗin nan. Wa ke auna awannin? Da wace na'ura, a wane wuri a kan layin? In an yi gardama tsakanin kamfani da masu masana'antu a Sharaɗa ko Bompai, bayanan wa za a gaskata? Ƙasar da ke da tashoshin da ƙarfinsu a takarda ya kai wajen megawat 13,000 amma abin da ke isa ga jama'a yake yawo tsakanin 4,000 da 5,000 tana da matsalar da ke zaune daidai kan iyakar fasaha da doka, kuma mutanen da suka iya harshen ɓangarorin biyu su ne suka fi ƙaranci.

Yanzu kuma buƙatar ta matso ƙofar gida. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da dokar wuta da aka sa wa hannu a Yunin shekarar sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumominsu na sa ido. Enugu da Ondo da Ekiti suka fara karɓar wannan iko a 2024, Legas ta biyo baya. Duk jihar arewa da ta bi wannan hanya za ta buƙaci mutanen da za su rubuta ƙa'idar haɗa tasha da layi, su duba lissafin farashin da kamfani ya kawo, su gane in an kumbura shi. Daga ina za su fito? In jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri ba su yaye su ba, za a ɗauko masu ba da shawara daga nesa a biya su da tsada, su kwafo dokar wani wuri su miƙa, su tafi. 'Ya'yanmu masu digirin digirgir kuma a kira su su hau tsani su ɗaura faranti. Hawa tsani sana'a ce mai daraja, amma ba don ita aka kashe wa mutum shekara bakwai ko goma a jami'a ba.

Mun ɗanɗana abin da rashin tsari ke jawowa a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, yawancin arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu. Masu niƙa da masu ƙanƙara da asibitoci suka koma kan dizal, rana kuwa tana fitowa kowace safiya a kan yankin da ya fi ko'ina haskenta a ƙasar. Tashar sola mai megawat 10 da ke Kumbotso da ta megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 sun nuna ginin ba gagararre ba ne. Dalilin da ya sa ba mu da irinsu ɗari a kusa da garuruwanmu yana cikin tambayoyin wa zai saya, a nawa, wa zai lamunce. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga nasu a Agustan 2023, da aka yanke musu wutar da ke zuwa daga Nijeriya bayan juyin mulki, alhali ita ce mafi yawan abin da suke sha. Shawarar siyasa ce ta kashe fitilun Yamai da Maraɗi da Damagaram, ba wata na'ura da ta lalace.

Magabatan wannan fanni a yankinmu ma ba su yi wannan rabe-raben ba. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar lissafi da hasken rana ne, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar shekaru masu yawa, kuma ya rubuta littafi kan tsarin ilimi a Afirka tun 1964. Farfesa Abubakar Sani Sambo injiniya ne da ya jagoranci cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato, daga baya ya shugabanci Hukumar Makamashi ta Ƙasa, wadda aikinta tsara manufa ne. Ko mun koya musu ko ba mu koya ba, injiniyoyi ne za su zauna a waɗannan kujeru. A Amurka, jami'ar Carnegie Mellon tana da sashe guda na injiniyanci da manufofin jama'a a cikin tsangayar injiniyanci tun shekarun 1970, kuma ba wanda ya ce injiniyoyinta sun yi rauni saboda haka.

Cewa za a koya a wurin aiki kuwa, sai mu tambaya: da kuɗin wa? Duk wanda ke yawo a ƙauyukanmu ya ga fitilun titi na sola da suka mutu, da famfunan sola da aka buɗe da biki suka tsaya bayan damina ɗaya ko biyu. Sau da yawa farantin lafiyarsa ƙalau. Abin da ba a tanada ba shi ne wanda ya mallaki kayan, wanda zai tara kuɗin canjin batir, da wanda za a kama in ya lalace. Wanda ya kafa ya koyi darasi, gaskiya ne, amma matan garin ne suka koma rijiya da guga. Aji shi ne wurin da kuskure ba ya cin kowa komai, don haka ne aka gina shi.

Akwai hanyar koyar da manufa da ni ma zan ƙi, kuma ina zaton ita ce ta fusata Malam: a kawo wani ya karanta wa ɗalibai tarihin hukumomi da jerin sunayen dokoki, su kwafa, su zubar a jarrabawa. Wannan ɓata lokaci ne, a cire shi. Abin da nake kira a yi ya fi haka wuya. A ba ɗalibi gari na gaske, ya auna buƙatarsa, ya zana tasha, ya fitar da farashin yunit a kuɗin ruwa iri uku da canjin dala iri uku, ya cike takardar neman izini ta ainihi, sannan ya tsaya gaban malamin lantarki da masanin tattalin arziki da wanda ya taɓa gudanar da irin wannan tasha ya kare aikinsa. A ba shi yarjejeniyoyin 2016 ya nemo inda suka karye. Kwas biyu masu irin wannan nauyi ba za su rage masa lissafi ba, za su ƙara masa, kuma ba sa buƙatar na'urar da sai an jira kasafin kuɗi kafin a saya.

Allah ya gafarta Malam, ku da sauran shugabannin sassa da majalisun jami'o'i ku ne ke da alƙalamin manhaja. Ku ci gaba da matsa wa hukumomi su gyara ɗakunan gwaji, muna bayanku a wannan. Amma kada ku cire darasin manufa daga karatun injiniyoyinmu. Ku mayar da shi wajibi, ku tsananta shi, ku kuma shiga ajin ku koyar da shi da kanku tare da masanansa, tun kafin jihohinmu su gama rubuta dokokin wutarsu ba tare da ɗalibanku ba.